Gurbin da Na Bari a Fom

Abu Hail, Dubai
Ranar Laraba

Zuwa ga 'yata Walida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Abuja lafiya, kin tarar da Gwaggonki Ladi da mutanen gidanta lafiya. Allah ya tsare ki a sama, ya tsare ki a ƙasa, ya raba ki da sharrin mutum da na aljan, ya haɗa ki da masu tsoronsa duk inda kika sa ƙafa.

Za ki ga takardar a cikin akwatinki, a naɗe cikin sallaya, tare da wata tsohuwar sukudireba mai mariƙin katako. Kada ki yar da ita, zan zo kan maganarta. Na rubuta ne don ni da ke ba ma iya minti biyar muna magana ba mu ɗaga murya ba. Halina kika ɗauko, ba na babanki ba, Allah ya jiƙansa. Shi da sai ya zauna ya saurare ki har ki gaji da kanki. Kuma kada ki nemi labari a ciki. Babu abin da ke Abu Hail wanda ba ki sani ba, lif ɗin hawa benen gidan nan ma yana nan a lalace yadda kika bar shi.

Maganar fom ɗin jami'ar nan ce. Ranar Asabar kika juyo da kwamfuta kika nuna mini wurin da suka tambaya: namiji, ko mace, ko kuma mutum ya ce ba ya son faɗa. Kika ce masu karatun injin jirgin ruwa kusan duk maza ne, kuma abu biyu kike tsoro. Ko su ga mace su ture takardarki gefe, ko su ga mace su ɗauke ki don kawai a ce suna da mata, ba don jarrabawarki ba. Ina tsince shinkafa, ko kai ban ɗago ba na ce ki bar wurin babu komai. Sai kika ce:

"Kamar yadda kike yi, Mama?"

Na ce miki mara kunya. Na ce ni na haife ki, ba ke kika haife ni ba. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan maimaita a takarda ba. Tun ranar muke gaisawa sama-sama kamar maƙwabtan bene. To ki sani, ba don kin yi ƙarya na yi fushi ba. Amsar da na ba ki ba tunani ba ce, sabo ne, irin yadda hannu ke kai wa makunnin fitila ba tare da an duba ba. Kafin ƙarshen wata za ki aika fom ɗin, kuma ba na so ki aika shi da wannan amsar tawa a kunnenki. Don haka ki zauna ki ji abin da ban taɓa gaya miki ba.

Ni ma na taɓa cike irin wannan fom, ina da shekarunki. Kakanki Malam Garba gyaran keken ɗinki da injin markaɗe yake yi a zauren gidanmu a Kano, kuma a gabansa na girma. Shi ya koya mini a ɗora bakin sukudireba a jikin inji yana aiki, a kara mariƙin a kunne, a ji abin da ke damunsa tun kafin a kwance shi. Yayyena maza ba wanda ya iya, ni kaɗai na iya, kuma ya sani. Da na gama sakandare sai na ji a rediyo cewa wata makarantar koyon gyaran injunan masaƙa tana ɗaukar ɗalibai da sakamakon jarrabawa. Na sayi fom a ɓoye. A wurin suna na rubuta H. Garba. A wurin namiji ko mace na tsallake, kamar mantuwa na yi. Hoto kuwa sai ranar rajista ake kaiwa. Na riƙa jin daɗin wayona har na kasa cin abinci.

Sunan ya fito, na uku a jerin da aka liƙa a bango. Ranar Alhamis na tafi da hotunana a cikin ambulan. Mutumin da ke teburi ya kira H. Garba, na miƙe, sai ya leƙa bayana yana neman mai sunan. Ya tambaya ko yayana ne ya aiko ni. Da na ce ni ce, ɗakin ya ɗauki dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya ciro fom ɗin ya ɗora yatsa a kan gurbin da na bari, ya ce ba su da banɗakin mata, ba su da rigar aiki ta mata, amma duk wannan ba shi ne ba. Ya ce wadda ta fara da yaudara tun a takarda, yaya za a ba ta amanar inji?

Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Da na rubuta mace ya ƙi ni, da shi ne zai nemi hujja ya rasa. Da na bar wurin, ni na ba shi hujjar da hannuna, har ya fita a matsayin mai gaskiya ni na fita a matsayin maƙaryaciya. Abu na farko ke nan da nake so ki riƙe. In za a ƙi ki, a ƙi ki ana sane da wadda ake ƙi, don laifin ya zauna a kan mai shi.

Amma wannan ba shi ne babban kuskurena na ranar ba. Ina fita, wata mata mai buga tafireta a ofishin ta biyo ni har bakin ƙofa. Babbar mace ce, ba Bahaushiya ba, Hausarta a karye. Ta riƙe mini hannu ta ce babu dokar da ta hana mace, ita ke buga dokokin ta sani. Ta ce shugaban makarantar ya yi tafiya, in dawo ranar Litinin ita za ta shigar da ni wurinsa. Na ce to. Litinin ta zo, na yi wanka, na sa kaya, na zauna a bakin gado har aka kira azahar. Dariyar nan ce ta hana ni tashi. Daga baya na ce wa kakanki ai na nemi wata makaranta ba a ɗauke ni ba, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ya rasu bai san na zo ta uku ba.

Walida, in aka ce ki dawo Litinin, ki koma Litinin. Ko da kuka kike, ki wanke fuska ki koma. Ban san abin da shugaban nan zai ce ba, wataƙila shi ma korata zai yi. Amma shekara kusan talatin ke nan ina tambayar kaina, kuma babu wanda zai ba ni amsa.

Sauran kin san rabinsa. Kina da shekara biyu muka zo Dubai, babanki yana harkar kago a Port Saeed, yana sayen janareto da injin ban-ruwa da kekunan ɗinki yana aika wa 'yan kasuwar Kano. Shi ya iya mutane, ni na iya inji. In an kawo samfur gida yake kawo mini in saurara, kuma bai taɓa ɓoye wannan ba a cikin gida. A waje ne ba a faɗa. Kina da shekara huɗu ya kwanta ciwon kwana tara, Allah ya karɓi abinsa.

Ina cikin takaba, ba fita, wayarsa tana ta ƙara a kan teburi. Akwai kwantena rabi a cike, akwai mutane a Kano suna jiran kaya. Sai na ɗauki wayar na fara amsa saƙonni a rubuce. Masu sayar mana da kaya ba su san ya rasu ba, na bar su a haka na ɗan lokaci. Mutanen Kano kuwa sun sani, sai na ce musu ƙanena Nasiru ne ya karɓi harkar. Kawunki a lokacin yana Kano, ko bambancin janareton fetur da na dizal bai sani ba. Da aka zo sabunta takardun kamfani, abokan babanki suka ba ni shawara a sa sunansa, wai ba ɗan kasuwar da zai aminta da mace a kan inji. Na yarda. Na ce wata huɗu da kwana goma ne, in na fita takaba sai in gyara. Aka rubuta shi mai kamfani, aka rubuta ni sakatariya, kuma da wannan sunan nake da bizar zama har yau, ke ma a ƙarƙashinta kike.

Na fita takaba ban gyara ba, don abin yana tafiya. Wannan shi ne mugun abu game da ɓuya, yana aiki. Da bai yi aiki ba da na daina tun a shekarar farko. Kin sha raka ni babbar kasuwar 'yan Sin da ke International City, kin ga yadda nake yi. In shiga shago in ce Alhaji Nasiru ne ya aiko ni. In sa a tayar da janareto, in ciro sukudirebar kakanki in kara a kunne, su riƙa murmushi suna zaton wani abu ne Alhaji ya koya wa 'yar aikensa. In ban gamsu ba sai in ce bari in tambayi Alhaji. In fita baranda, in kara waya a kunne babu kowa a kai, in gyaɗa kai, in ce to, to, in dawo in ce Alhaji ya ce a'a. Ba wanda ke jayayya da Alhaji. Ni kuwa da na ce a'a da bakina, da sai an yi awa ana yi mini bayanin abin da na riga su sani. Ke kina gefe kina danne dariya, ni ma a tasi muna dawowa sai in yi ta dariya. Shekara goma sha huɗu ina kiran wayar da ba kowa a kanta.

Haka nan wajen loda kwantena. Ni ke tsayawa a rana in ce wannan a ƙasa, wancan a tsakiya, kawunan keken ɗinki su shiga tsakanin janareto, a rarraba nauyi kada ya taru a baki. Ba a taɓa buɗe kwantenarmu a Kano an tarar da fasasshen inji ba. A kasuwar Sabon Gari har cewa ake kayan Alhaji Nasiru ba sa ba da kunya. In labarin ya zo mini sai in ji daɗi, wai ni ake yabo. Ban lura ba cewa duk kwantenar da ta tafi, suna nake gina wa wani.

Akwai ranar da na fi jin kunyarta, kuma kina wurin. Kina da shekara tara, an taso ku daga makaranta, kina zaune a ofis kina aikin gida. Wani babban ɗan kasuwar Sabon Gari, wanda ya fi kowa sayen kayanmu, ya zo Dubai ya ce sai ya ga mutumin da ke zaɓar masa injuna, yana zaton Kawunki a nan yake zaune. Ya shigo ya tarar da ni a kan kujerar babanki. Ya gaishe ni da mutunci ya ce, Hajiya ina mai wurin? Kika ɗago kai kika dube ni. Na ga kin dube ni. Ba abin da ya rage sai in ce ga ni. Mutumin nan ya zo da ƙafarsa, ya riga ya gamsu da aikin, babu ranar da ta fi wannan sauƙi. Sai na tashi daga kujerar na ce Alhaji ya je Sharjah, na shiga na dafa masa shayi. Ya sha, ya yaba shayin, ya bar saƙon gaisuwa ga Alhaji. Da ya fita kika mai da kai kan littafinki.

Bayan shekara uku aka ba ku fom a makaranta, akwai wurin aikin uwa. Kika rubuta injiniya da fensir, kika kawo mini in sa hannu kina murmushi. Na sa ki goge. Na ce ƙarya haramun ce, ki rubuta sakatariya yadda yake a biza. Kika goge har takardar ta huje. Ni da nake kiran wayar ƙarya kullum, ni ce na yi miki wa'azin gaskiya. Ki yafe mini wannan. A duk duniya ke kaɗai kika taɓa rubuta aikina daidai, ni kuma na sa ki goge.

Yanzu ga inda abin ya kai, don na gaya miki rabi ne kawai lokacin da na ce ki tafi wurin Gwaggonki. Da Kawunki Nasiru ya zo watan jiya, ba ziyara ya zo ba. Ya zauna a falon nan ya ce ya yanke shawarar rufe ofishin Port Saeed, zai mai da kamfanin ƙasar Sin, babban ɗansa zai riƙe. Ya ce, "Yaya, kin gaji. Ki koma gida ki huta haka nan." Da tausayi ya faɗa, wallahi, har idonsa ya kawo ruwa. Kada ki tsane shi. Shekara goma sha huɗu ana tare shi a masallaci ana yaba masa ido a kan inji, ana neman shawararsa, yana ba da amsar da na rubuto masa. Tun yana jin nauyi har ya saba, har ya yarda. Ni na ɗinka masa rigar na sa masa, ba zan zo yau in ce ya sata ba. Na yi masa faɗa, na tuna masa waye ya san abin da ke cikin kwantena. Ya ce ai kowa ya san ina taimakawa ƙwarai.

Ina taimakawa. Haka ya ce.

Bizata saura wata biyu, kuma kamfanin da ke riƙe da ita zai rufe. Na ce to bari in gwada da sunana. Na shiga bas na tafi International City, na bi shagunan da na shekara goma sha huɗu ina shiga. Na farko ya ce in Alhaji ya buɗe sabon wuri ya kira shi. Na biyu ya ba ni ruwa ya ce khalas, wato shi ke nan, shi da Alhaji ya saba. Akwai wata mata 'yar Sin mai sayar da injin ban-ruwa, sunanta ne a allon shagonta, ita ke zaune a kan kujerarta, mijinta ke ɗauko kaya daga sito. Ita ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce dama ta daɗe tana mamakin Alhajin da ke jin ƙarar inji ta waya. Sannan ta tambaye ni, da Turancinta irin nawa, me ya sa ban faɗa ba tuntuni. Na tsaya ina kallon allon shagonta. Ta ce za ta ba ni kaya in ina da masu saye.

Sai na kira masu sayen. Na kira mutumin nan na Sabon Gari da na dafa wa shayi. Na gaya masa komai, na ce duk janareton da ya taɓa saya a wurinmu ni na zaɓa, na faɗa masa har irin wanda ya dawo da shi shekarun baya da dalilin da ya sa. Ya yi 'yar dariya ya ce Allah ya ba da lada Hajiya, amma harkar inji sai maza, su da Alhaji suka saba. Bai ƙaryata ni ba. Bai ma ɗauki maganar da nauyin da za a ƙaryata ta ba.

Don haka zan koma Kano. Ban san me zan yi a can ba. Gidanmu an raba, ƙawayena sun aurar da 'ya'ya, garin ya san Alhaji Nasiru mai injuna da wata yayarsa da ta daɗe a Dubai. Shekarata arba'in da bakwai, ba ni da takarda ko ɗaya da ta ce na iya wani abu. Ina faɗa miki ƙarara, zuciyata ta mutu a kan kaina. Ba na jin akwai sauran abin da zan gyara. Ke ma na cuce ki, don garin da kika sani tun kina rarrafe ba naki ba ne, kuma na kasa riƙe miki ko ɗaki ɗaya a cikinsa da za ki dawo hutu.

To ga maganar fom. Ba zan yi miki ƙarya in ce in kin rubuta mace za su ɗauke ki ba. Na ga hotunan da ke shafinsu, 'yan mata da hular kwano suna dariya a gaban inji. Ban yarda da hoto ba. Mutumin nan mai teburi bai mutu ba, yana nan a kowace ƙasa, tufafi kawai ya sauya. Zai yiwu takardarki ta faɗa hannunsa ya ture ta, ba za ki taɓa sani ba. Zai yiwu kuma su ɗauke ki, sannan wani ɗan ajinku da bai kai ki ba ya ce ai don ke mace ce. Za a faɗa, ko kin rubuta ko ba ki rubuta ba. Ni ban ga hanyar da babu ciwo a cikinta ba, kuma na daina neman ta.

Na kuma san dalilinki ba irin nawa ba ne. Ni tsoro ne ya sa na ɓuya. Ke so kike a auna aikinki shi kaɗai, kuma su da kansu suka ba da damar a yi shiru, ba yaudara ba ce. Wannan gaskiya ne, ban raina shi ba. Sai dai ni ma kowane lokaci ina da dalili mai kyau. Ran farko wayo ne, na biyu takaba ce, na uku don kada a rasa mai saye. Ban taɓa ɓuya ba tare da hujja ba. Kuma ki tuna fasfonki zai faɗa, hotonki zai faɗa, ranar da za ki shiga ɗakin injuna da mayafinki kowa zai gani. Abin da ya rage kawai shi ne wa zai fara faɗa, ke ko su. Na taɓa tsayawa an kira sunana ana leƙa bayana, ba na so ki san yadda wannan yake.

Shawarata ki rubuta mace. Ki rubuta, ki aika, in sun ƙi ki nemi wata, a can ma ki rubuta. In kuma kin zauna kin yi tunani kin ga barin wurin ya fi, naki ne, ba zan yi fushi ba. Amma ki bar shi don ke kika zaɓa, ba don wata mata mai tsince shinkafa ta ce ki bari ba. Kuma in kin bari a fom, kada ki bari a sauran wurare. Duk aikin da kika yi ki sa cikakken sunanki a kai. Kada ki bar wani ya miƙa miki aikinki, ko ya yi magana a madadinki don an fi jin muryarsa, ko da ɗan'uwanki ne, ko da mijinki ne in Allah ya kawo shi, ko da na wata huɗu ne kawai. In aka shigo aka tambaya ina mai wurin, kada ki tashi daga kujerar.

Ki yi wa Gwaggonki biyayya, tana da faɗa amma ba ta da mugunta. Hausarki za ta ba su dariya, za ki ce yalla irin ta Larabawa a inda ba a cewa, ki bar su su yi. Ki riƙe salla a kan lokaci. Sukudirebar kakanki taki ce yanzu. Na san injin jirgin ruwa ya fi ƙarfinta, suna da na'urorinsu, amma tun kina ƙarama kike tsayawa a bakin ruwan Port Saeed kina gaya mini wane jirgin katako ne injinsa ke ciwo, kuma ba ki cika kuskure ba. Kunnen gidanmu ne. Ni ba ni da sauran abin da zan saurara da ita.

Saura abu ɗaya. Shekara goma sha takwas ban taɓa kiran sunanki ba. Ke ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyar babanki kika ci, don haka kunya biyu ce ta hau kaina, na ce Walida kowa ya bi. Al'adarmu ce, ban ce laifi ba ce, uwata ma haka ta yi wa yayana har ta koma ga Allah. Amma da nake haɗa miki kaya jiya na ɗauki fasfonki na buɗe, sai na ga ashe duk abin da nake so a duniya ɓoye sunansa nake yi. Bakina ba zai iya ba, gobe a filin jirgi ma na san Walida zan ce. Hannuna dai zai gwada.

Rakiya. Rakiya 'yata. Haka za ki rubuta musu, gaba ɗayansa, ba harafi ɗaya da ɗigo ba.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare gabanki da bayanki. Allah ya buɗa miki ƙofar da ni ban koma na ƙwanƙwasa ba. Ya kare ki daga ruwa da wuta da ƙarfe, ya kare ki daga dariyar mutane, ya ba ki ƙafar komawa ranar Litinin. Ya jiƙan babanki da kakanki. In mun sake haɗuwa a Kano, alhamdu lillahi. In kin wuce can ƙasar sanyin da jami'ar take kafin in iso, na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. Ki gaida Gwaggonki da yaranta.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hansatu Garba,
mai gyaran inji.